Shin Ko Kun San? Takalmin da Aka Ce Zai Narkar da Teɓa

Shin ko kun san cewa an yi wani zamani, ba ma da nisa ba, da miliyoyin mutane a Amurka da Turai suka yarda takalmi zai iya rage musu teɓa? An ce musu ba sai sun yi gudu ba, ba sai sun ɗaga ƙarfe ba. Su dai su sa shi su je kasuwa, su shiga kicin, su kai yara makaranta, shi kuma yana can ƙasa yana murɗa musu tsoka ba su sani ba. Tsakanin 2009 da 2011 abin ya yi tashe. A 2010 kaɗai cinikin irin wannan takalmi a Amurka ya kusa dala biliyan 1, kuma mata ne suka fi zuba kuɗinsu a ciki.

Ko kun san yadda ake gane shi? Juya shi ka dubi ƙasansa. Takalmi na yau da kullum in ka ajiye shi a ƙasa zama yake daram. Wannan kuwa ƙasansa a gantsare yake kamar cikin kwale-kwale: tsakiya ta yi tudu, dunduniya da baki sun ɗaga sama, in ka taɓa shi da yatsa sai ya kama lilo gaba da baya. Wani samfurin kuma an manna masa ƙullutu biyu masu iska, ɗaya a dunduniya ɗaya a gaba, sai ka ji kamar kana taka ƙwallon da ta fara sacewa. Manufar duka ɗaya ce, a hana ka tsayuwa sosai. Masu shi suka ce in jiki yana tangal-tangal, dole tsokar sharaɓa da ta cinya da ta mazaunai su yi ta kokawar tsayar da kai, daga nan sai su murɗe, kitse ya narke. Ni dai a wannan shafi takalmin tangaɗi zan kira shi, don sunan ya fi kama da aikinsa.

Shin ko kun san a gonar shinkafa aka samo tunanin? Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Karl Müller, ya yi shekaru a Koriya ta Kudu yana fama da ciwon baya. Ya ce ya lura in ya taka ƙasa mai laushi ta gonakin shinkafa ba takalmi, ciwon yakan lafa. Sai ya ƙera takalmin da zai sa mai tafiya a kan kwalta ya ji kamar a wannan ƙasar yake, ya shigar da shi kasuwa a 1996 da sunan MBT. Harafin farko na sunan yana nufin Masai, makiyayan Kenya da Tanzaniya, waɗanda aka yi ta cewa miƙewar jikinsu daga tafiya ba takalmi ta samo asali. Abin dariyar shi ne, wanda duk ya san Masai ya san su da takalmin da ake yankowa daga tsohuwar tayar mota, irin wanda mu ma muka sani a kasuwannin ƙauye. In akwai wani sirri a miƙewar bayansu, ni ina ganin a bin shanu yake, safe zuwa yamma, kamar Bafulatanin daji da takalminsa na danƙo. Shi kuwa MBT, kuɗin ƙafa biyu ya haura dala 200.

Ko kun san ba wannan ne karo na farko ba? Tun a shekarun 1960 kamfanin Dr. Scholl's ya sayar da wani takalmin katako da aka ce yatsu na kama shi suna motsa tsokar ƙafa. A shekarun 1970 kuma Amurkawa suka rungumi wani takalmi da wata malamar yoga 'yar ƙasar Denmak, Anne Kalsø, ta ƙirƙira, wanda dunduniyarsa ta fi gabansa yin ƙasa, kullum kamar kana hawan tudu. Kowanne ya yi zamaninsa ya wuce.

Shin ko kun san wanda ya tsara takalmin tangaɗin kamfanin Reebok tsohon injiniyan hukumar sararin samaniya ta Amurka ne, wato NASA? Sunansa Bill McInnis, takalmin kuma EasyTone, mai ƙullutun iska, wanda ya fito a 2009. Tallan ya zo da lissafi: wai zai ƙara wa tsokar mazaunai ƙarfi da kashi 28 cikin 100 fiye da takalmi na yau da kullum, ta bayan cinya kashi 11, ta sharaɓa ma kashi 11. Ku dubi wayon. Da an ce kashi 30, mutum zai ce ƙiyasi ne. Amma 28? Wannan sai ka rantse wani ya kwana a ɗakin bincike yana aunawa. Mai maganin gargajiya na bakin kasuwa da lasifikarsa ya san wannan dabara tun kafin Bature: kada ka ce magani zai yi aiki nan ba da daɗewa ba, ka ce kwana uku da wuni ɗaya.

Ko kun san kamfanin Skechers ne ya fi kowa cin kasuwar? Takalminsa mai suna Shape-ups, mai ƙasan kwale-kwale, a lokacin ana sayar da shi wajen dala 100, da alkawarin za ka gyara jikinka ba tare da ka taka gidan motsa jiki ba. A watan Fabrairun 2011, lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, inda tallan daƙiƙa 30 ke cin kusan dala miliyan 3, aka nuna tauraruwar talabijin Kim Kardashian tana sallamar mai horar da ita, wai ta sami wanda ya fi shi, kuma takalmi take nufi. A shekarar ne ma aka yi ta tallan na 'yan mata ƙanana, 'yan firamare, har iyaye suka yi ca a kan kamfanin suna tambayar me ya haɗa yarinya 'yar shekara bakwai da zancen gyara sura.

Shin ko kun san gwajin da ya fara tona asirin ba wani mai wahala ba ne? A 2010 wata ƙungiyar masana motsa jiki ta Amurka mai suna ACE ta ɗauki nauyin bincike a Jami'ar Wisconsin da ke garin La Crosse, ƙarƙashin Farfesa John Porcari. Aka kawo takalman tangaɗi uku da suka fi tashe, Shape-ups da MBT da EasyTone, aka haɗa da kambas ɗin gudu na yau da kullum. Aka sa 'yan mata 12 masu lafiya suka hau injin tafiya, irin wanda ake takawa a wuri ɗaya, minti biyar-biyar da kowane takalmi, wani zubin a saurin kilomita 4.8 a awa, wani a 5.6, wani kuma da ɗan tudu. Ana auna bugun zuciyarsu, da yawan iskar oksijin da suke shaƙa, da kalorin da suke ƙonawa. Wasu mata 12 kuma aka manna musu na'urar da ke auna wutar da tsoka ke fitarwa in tana aiki, a wurare shida: sharaɓa, gaban cinya, bayan cinya, mazaunai, gadon baya da ciki. Da aka tattara sakamako, ba a sami wani bambancin a zo a gani ba tsakanin takalmin tangaɗi da kambas. Zuciya ba ta ƙara bugu ba, kalori bai ƙaru ba, tsoka ba ta ƙara aiki ba.

Gaskiya mata 24 ba su da yawa, kuma kamfanonin sun yi ta nanata hakan. To amma su ne suka ce kashi 28. Bambanci mai girman haka ba ya ɓuya, ko a mutum goma ne.

To me ya sa waɗanda suka saya suke rantsuwa sun ji yana aiki? Ko kun san ba ƙarya suke yi ba? Kwanakin farko sharaɓa takan yi tsami, gwiwa ta ɗan yi nauyi, mutum ya ce lallai kuɗina bai tafi a banza ba. Amma tsamin jiki ba shaidar ginuwar tsoka ba ne, shaidar sabon abu ne kawai. Wanda ya daɗe bai riƙe fartanya ba, ranar da ya fara noma ba ya iya miƙewa washegari, bayan mako biyu kuwa ko a jikinsa. Haka jiki yake, yana saurin koyon sabon taku, ya nemo hanyar da zai kashe ƙarfi kaɗan. Ita tsoka ba ta girma sai ana ƙara mata kaya lokaci bayan lokaci, yau kilo biyar, wata mai zuwa bakwai. Takalmi kuwa tangaɗin da ya zo da shi ranar farko shi ne dai har ya tsufa. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan sauƙi: wanda ya fitar da dala 100 ya sayi takalmin tafiya, zai yi tafiyar ko don jin zafin kuɗinsa. In ya rame, tafiyar ce ta ramar da shi, takalmi ya karɓe yabon.

Shin ko kun san rairayi na gaske yana yin abin da takalmin ya kasa? Tallace-tallacen sun sha cewa sa shi kamar tafiya ce a kan yashi. Masu bincike a ƙasar Beljiyam sun auna a 1998, suka gano tafiya a kan busasshen rairayi tana cin ƙarfi ninki 2.1 zuwa 2.7 na tafiya a kan ƙasa mai tauri, gudu kuma ninki 1.6. Dalilin shi ne rairayi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ya shanye ƙarfin da ka zuba, bai mayar maka da komai ba. Soson takalmi kuwa yana lotsawa ya dawo. Mutumin Yusufari ko na Diffa ba ya bukatar a auna masa wannan, ƙafarsa ta riga ta faɗa masa.

Ko kun san hukuma ta sa an mayar wa mutane kuɗinsu? A ƙarshen 2010 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta hana tallan EasyTone saboda rashin gamsasshiyar hujja. A watan Satumban 2011 kuma Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayyar Amurka, wato FTC, ta cimma yarjejeniya da Reebok ya biya dala miliyan 25 a raba wa waɗanda suka saya.

Na Skechers ya fi haka. A watan Mayun 2012 ya amince ya biya dala miliyan 40. Shin ko kun san abin da hukumar ta ce ta tarar game da binciken da kamfanin ke tinƙaho da shi? Tallan yana cewa bincike ne mai zaman kansa. Ashe wanda ya yi shi wani mai sana'ar daidaita ƙashin baya ne, kamfanin ne ya biya shi, kuma matarsa babbar jami'a ce a sashen tallan kamfanin. Takardar ƙarar hukumar ta ƙara da cewa wasu da suka sa takalmin suka ƙara nauyi an rubuta sun rage. Abin nema ya samu, an ba kura ajiyar nama. Duka kamfanonin biyu dai ba su amsa laifi ba, sun ce sun sasanta ne don gudun doguwar shari'a. A 2013 hukumar ta aika wa masu sayen Skechers cekin kuɗi sama da 500,000.

Sauran ma ba su tsira ba. New Balance ya biya dala miliyan 2.3 a 2012 kan nasa takalmin tangaɗin, kamfanin MBT kuma ya durƙushe a Suwizalan a wannan shekarar kafin wasu su saye sunan su ci gaba da shi.

Ko kun san rashin amfani ba shi ne mafi munin abin ba? Takalmin da aka ƙera don ya hana ka tsayuwa sosai, wata rana zai yi nasara. Ƙasansa mai kauri yana ɗaga ka sama, in ƙafa ta goce sai idon sawu ya murɗe da ƙarfi fiye da a takalmi mai ƙasa-ƙasa. An shigar da ƙararraki da dama a kotunan Amurka kan targaɗe da karaya da ciwon agara. Wadda aka fi ji ita ce ta wata mai aiki a gidan abinci a jihar Ohio, wadda ta ce bayan wata biyar tana wuni a tsaye da shi, ƙashin kwankwasonta ya tsage ta ɓangare biyu, sai da aka yi mata tiyata. Zargi ne ta yi, amma likitocin ƙafa ba su jira kotu ba kafin su ce tsofaffi, da masu jiri, da waɗanda ƙafarsu ta daina jin taɓi, su yi nesa da takalmi mai laushin da ke sa tangaɗi. Ga tsoho, faɗuwa ɗaya a banɗaki tana iya zama mafarin kwanciyar da ba tashi. Ku kuma tuna a kan dandamali mai santsi na Amurka aka yi waɗannan raunukan. Ina ga lungu mai kwata da duwatsu?

Shin ko kun san an gwada shi kan ciwon baya, wanda shi ne dalilin ƙirƙirar sa tun farko? A Landan aka raba mutum 115 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu gida biyu, wasu aka ba su mai ƙasan kwale-kwale, wasu kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, aka bi su shekara guda. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna na kwale-kwalen bai fi ba. Waɗanda ma tsayuwa da tafiya ke tayar musu da ciwon sun fi samun sauƙi da shimfiɗaɗɗen. Masu ciwon sanyin gwiwa su ma ga nasu: wani bincike a birnin Melbon na Ostareliya a 2021, kan mutum 164, ya nuna takalmi mai tsayawa daram, mai tallafe ƙafa, ya fi rage zafin gwiwa a kan shimfiɗaɗɗe mai lanƙwasuwa.

Amma fa kada a yi wa ƙasan kwale-kwale kuɗin goro. Ko kun san kafin 'yan talla su gano shi, kayan asibiti ne, kuma har gobe yana ceton ƙafafu? Labarin ya bi ta kan wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, Paul Brand, wanda ya yi aiki a asibitin Vellore na kudancin Indiya daga 1946. A da kowa ya ɗauka cutar kuturta ce ke cinye yatsu. Brand ya nuna cewa abin da cutar ke yi shi ne kashe jijiyar jin zafi. Mutum ya taka ƙaya bai ji ba, takalmi ya goge shi bai ji ba, ya ci gaba da taka wuri ɗaya sau dubbai a rana har nama ya mutu, gyambo ya buɗe, ƙashi ya lalace. Mai lafiya da zarar wuri ya fara zafi sai ya sauya taku ba tare da ya sani ba, shi kuwa wannan ba abin da zai gargaɗe shi. Sai Brand da abokan aikinsa suka koma ga dukanci, suna auna inda nauyi ke taruwa a tafin ƙafa, suna ƙera takalmin da zai rarraba shi. Cikin dabarun har da ƙasa mai tauri mai lilo. Da ya koma Amurka a 1966 sai ya kai wannan ilimi ga masu ciwon suga, waɗanda su ma jijiyar ƙafarsu ke mutuwa.

Ga yadda yake aiki. Duk takun da ka yi, lokacin da dunduniya ta ɗaga, yatsu suna lanƙwashewa, nauyin jiki duka ya sauka a gindin yatsu, musamman babban. Ƙasa mai tauri mai lilo tana mirgina ƙafar gaba ba tare da yatsun sun lanƙwashe ba, sai nauyin da ke sauka a wurin ya ragu. Shi ya sa likitoci ke rubuta shi ga mai ciwon suga da ke fuskantar gyambo a gaban tafin ƙafa, da wanda gaɓar babban yatsansa ta sandare, da wanda aka yi wa tiyatar haɗe ƙashin idon sawu. Ku lura da kyau: a asibiti aikinsa shi ne ya ɗauke wa ƙafa aiki. 'Yan kasuwa suka ɗauko wannan siffa, suka ƙara mata soso, suka ce tana ƙara wa jiki aiki. Kamar a ɗauko sandar dogarawa a sayar maka da ita a matsayin ƙarfen ɗagawa.

Shin ko kun san 'yan tseren duniya ma don wannan sauƙin suke son ƙasa mai lilo? Kamfanin Hoka, da aka kafa a Faransa a 2009, da kauri da gantsarewar ƙasa ya yi suna. Nike kuma a 2017 ya fito da Vaporfly, mai faifan kabon a cikin soso, da hujjar cewa yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Da wani samfuri na wannan zuriya Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana, ranar 12 ga Oktoban 2019. Abin ya kai hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Wato shekara goma bayan an sayar da kwale-kwale don ya ƙona kalori, an dawo ana sayar da shi don ya tattala kalori, kuma wannan karon awo ya goyi bayan masu talla.

Ko kun san Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada ƙanin wani na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi? Masu son tafiya ƙafa tsirara suna yawan kawo wannan. Abin da ba su cika ƙarawa ba shi ne, a Tokyo a 1964 ya sake ci, da takalmi, kuma ya rage kimanin minti uku a lokacinsa.

Shin ko kun san ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33? Ƙafa biyu ke nan sun kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan jiki 206. In ana son ƙarfafa wannan injin, bincike ya fi karkata ga rage takalmi maimakon ƙara shi. A Jami'ar Liverpool an ba mutane takalmi mai siririn ƙasa da faffaɗan baki suka yi harkokinsu da shi wata shida, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. A Indiya kuma, a 1992, an duba yara 2,300, aka tarar shafaffen tafin ƙafa ya kai kashi 8.6 cikin 100 a masu sa takalmi, kashi 2.8 kacal a marasa sa shi. Har kantar nan da ake raina mutanen ƙauye da ita, wani bincike na 2019 da aka yi a Kenya da Amurka ya nuna tana kare tafin ƙafa ba tare da ta rage masa jin ƙasa ba, abin da soso bai iya ba.

Kafin wani ya jefar da takalminsa, ga ɗaya gefen. Kamfanin Vibram, mai takalmin nan da kowane yatsa ke da ɗakinsa, shi ma ya biya dala miliyan 3.75 a 2014 saboda alkawuran lafiya da bai iya tabbatarwa ba, kuma waɗanda suka koma gudu da shi farat ɗaya an ga alamun rauni a ƙasusuwan ƙafarsu. Mu kuma a nan muna da abin da ya fi soso haɗari: ƙusa, kwalba, kunama, maciji a gona, da tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa. A tsaunukan Habasha da arewa maso yammacin Kamaru akwai wani nau'in tundurmi da ba sauro ke kawo shi ba, daɗewa ana taka jar ƙasar dutse mai aman wuta ba takalmi ne ke jawo shi, kuma rigakafinsa takalmi da sabulu. Mai ciwon suga kuwa ko tsakar gida kada ya taka ba takalmi, kuma ya riƙa zura hannu cikin sau-cikinsa kafin ya sa, don tsakuwa ɗaya da bai ji ba ta isa.

Ko kun san lissafin teɓa ba ya jin lallashi? Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ƙona kimanin 60 a tafiyar kilomita ɗaya. Kwalbar lemo ɗaya mai zaƙi tana da kusan 140, wato sama da kilomita biyu ke nan a ƙafa. Ko da a ce takalmin ya ƙara kashi biyu ko uku cikin 100, bai kai ƙosai ɗaya ba. Sannan jiki ba ya cire kitse daga wurin da ka nuna masa. Motsa cinya ba ya narkar da kitsen cinya shi kaɗai, daga ko'ina jiki ke ɗiba, bisa tsarin da aka halicce shi da shi.

Shin ko kun san shi ma taku 10,000 ɗin nan da wayoyinmu ke matsa mana a kai daga talla ya fito? A 1965 wani kamfanin Japan, Yamasa, ya fito da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Sunan kaya ne ya zama ƙa'idar lafiya. Bambancinsa da takalmin tangaɗi shi ne, wannan tallan ya faɗo kusa da gaskiya. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2019, kan tsofaffin mata sama da 16,000, ya nuna masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, amfanin kuma yana ƙaruwa har wajen taku 7,500 sannan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ba ta ambaci samfurin takalmi ba.

Ko kun san abin da wani babban masanin takalmin wasanni ya ƙare a kai bayan shekaru da dama yana bincike? Benno Nigg na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda shi ma ya yi nazarin MBT, ya rubuta a 2015 cewa ɗaya daga cikin ma'aunai mafi inganci wajen zaɓen takalmi shi ne jin daɗinsa a ƙafa. Saura kuma abubuwa ne da kowane tsohon baduku zai faɗa maka kyauta. Ka gwada takalmi da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni a kanta. Ka gwada ƙafa biyun, don yawancin mutane ɗaya ta fi ɗaya girma, kuma babbar ake saya wa. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Kada ka yarda da zancen mai shago cewa zai buɗe in an sa shi.

Kambas ɗin gudu kuma yana da wa'adi, yawanci kilomita 500 zuwa 800 sosonsa ya mutu, ko da samansa na nan sabo fil. Wannan ya shafi duk mai sayen gwanjo, inda irin waɗannan takalman da suka gama yayi a Turai sukan ɓullo a cikin dila, an wanke su sun yi fes. Kafin ka biya, ɗora shi a kan benci ka duba shi ta baya. In dunduniyar ta karkata gefe ɗaya, takun mai shi na farko ne ya zauna a ciki, kuma ƙafarka ce za ta bi wannan karkatar. In kuwa ka taɓa shi ya kama lilo, tambayi mai kayan ko yana da shimfiɗaɗɗe lamba ɗaya da shi.